Lome, Dubai ko kwantiragin Hajji: ina matuƙin jirgi ɗan Nijar zai kai awoyinsa?

Duk gidan da ya sayar da fili ko ya karya garke don ɗansa ya koyi tuƙin jirgin sama, ranar da yaron ya dawo Yamai da lasisi a hannu tambaya biyu ake yi masa: ina za ka yi aiki, kuma nawa ne a wata? Ta biyun ce ta fi ɓatar da mutane. Albashin matuƙi ba ya zuwa a dunƙule irin na ma'aikacin gwamnati. Kamfanoni biyu na iya rubuta adadi iri ɗaya a takarda, amma abin da zai shiga aljihu da abin da zai fita daga jiki su sha bamban nesa ba kusa ba.

Tun da Air Afrique ta durƙushe a 2002, wato kamfanin da ƙasashe 11 suka kafa a 1961 har da Nijar, ɗan ƙasar nan mai son tuƙa babban jirgin fasinja kusan dole ne ya yi mazauni a wata ƙasa. A gida akwai ƙananan jirage masu zuwa Agadas da Damagaram da Diffa, da na ma'aikatan agaji da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke kula da su, amma kujerun ba su taka kara sun karya ba. Makarantar EAMAC da ke Yamai kuwa, ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, masu ba jirage hanya take horarwa, da masana yanayi, da masu kula da na'urori. Ba ta yaye matuƙa. Don haka zaɓin yakan tsaya a kan uku: kamfanin yanki irin ASKY da ke Lome, wanda ya fara tashi a 2010, ko Air Côte d'Ivoire a Abidjan, ko na Kano da Legas, babban kamfanin dogon zango irin Ethiopian, Emirates da Qatar Airways, sai kwantiragin ɗan lokaci, wanda jigilar alhazai ce misalinsa da kowa ya sani. Na bar Amurka a gefe da gangan. Gaskiya ne matsakaicin abin da matuƙin jirgin fasinja ke samu a can ya haura dalar Amurka 200,000 a shekara, kuma shi ne adadin da ke yawo a wayoyin samari, amma wanda ba shi da takardar zama da izinin aiki a can ba da shi ake zancen ba.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne awoyin tashi kusan ɗaya ne a ko'ina. ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta wajabta wa kowace ƙasa ta sa iyaka saboda gajiya, kuma alƙaluman da ƙasashe suka ɗauka suna kusa da juna. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2016, ta ce kada a wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 a jere, ko awa 900 a shekarar kalanda. Ta Amurka, tun 2014, awa 100 ce cikin kwana 28 da awa 1,000 cikin kwana 365. Raba 900 gida 12, ka ga awa 75 ke nan a wata. Wanda aka matse shi yana yin 100 kowane wata, cikin wata 9 zai cinye rabonsa na shekara, a zaunar da shi. Ke nan babu kamfanin da zai ce da kai ka yi awa 150 ka ninka kuɗinka.

Na taɓa jin wani dattijo a wata fada a unguwar Bukoki yana yi wa ɗan ƙanwarsa wannan lissafi. "Kai yaro, awa 75 a wata? Mu da muka yi aikin ofis 40 muke yi a mako. Ashe hutu kuka je saya da miliyoyin nan." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, agogo biyu ne a aikin." Gaskiyarsa ne, kuma a nan ne kwatancin ya kamata ya fara.

Agogon farko na tashi ne. Yana fara lissafi lokacin da jirgi ya motsa daga inda aka ajiye shi, ya tsaya lokacin da aka sa wa tayoyi waigi a inda aka sauka. Na biyu na aiki ne: daga sa hannu a ofis, duba rahoton yanayi, lissafin mai da nauyi, zagaya jirgi a duba shi, jiran fasinja, har zuwa rufe takardu. Dokar Turai ta ba wannan agogo awa 60 a mako da awa 190 cikin kwana 28, wanda ya fi awa 160 na mai aikin ofis. Kamfanoni da yawa kuma da agogon farko suke biya. Abin ya yi kama da direban bas ɗin Yamai zuwa Tawa da za a ce ba a biyansa sai lokacin da taya ke juyawa. Lodin tasha, jiran jandarma a shinge da tsayawar Dogonduci duk a bakin komai.

Mu ɗauki yini guda a kamfanin yanki. An rubuta maka sa hannu ƙarfe 6 na safe, don haka tun kafin kiran asalatu ka farka. Sawu huɗu ne: ka tashi daga Lome, ka sauka Yamai bayan kamar awa ɗaya da rabi, ka tsallaka Wagadugu cikin abin da bai kai awa guda sosai ba, sannan ka biyo sawunka ka koma. Tsakanin kowane sawu akwai mintoci 45 ko awa ɗaya a ƙasa, a cikin watan Afrilu da zafin Yamai ya haura digiri 40, kwalta na huci, kana sake lissafin nauyin da jirgi zai iya ɗagawa domin iska mai zafi ba ta ɗaukar kaya kamar mai sanyi. Da yamma ka duba littafinka: awa 5 a sama, awa 11 a bakin aiki. Idan lokacin hunturu ne, hazo ya rufe filin da za ka, sai ka zauna awa 3 da kaki a jikinka kana jiran ƙura ta lafa, agogon kuɗi a tsaye, agogon gajiya na tafiya. Dokar Turai ta san da haka, shi ya sa awa 13 da ta yarda a yi a yini ga mai sawu ɗaya ko biyu take raguwa da minti 30 a kan kowane ƙarin sawu, kuma wanda ya fara aiki da dare awa 11 ne iyakarsa. Kafin ka tara awa 80 ta wannan hanya za ka fita aiki kwana 15 zuwa 20 a wata.

A dogon zango lissafin ya juye. Dubai zuwa New York kusan awa 14 ne. Tafiya uku irin wannan, zuwa da dawowa, sun cika maka wata. Matuƙa uku ko huɗu ne a jirgin, ana karɓa-karɓa, akwai ɗan gado a wani lungu da ake miƙewa. A takarda ranakun hutunka sun fi yawa. Sai dai ranar farko bayan dawowa ba taka ba ce, ta barci ce, kuma jikin da ya kwana a Amurka ranar Litinin ya wayi gari a Asiya ranar Asabar ba ya sanin dare da rana. Masu nazarin gajiya sun ware tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba a matsayin lokacin da hankali ya fi rauni, kuma jiragen ƙasashen Larabawa da yawa a daidai wannan lokaci suke tashi ko sauka. Akwai tambayar da ya kamata a yi kafin sa hannu: awoyin da ka yi a kan gadon nan, cikakku ake ƙirga su ko rabi? Wasu kamfanoni suna rage su a lissafin iyaka, abin da ke nufin za ka daɗe a cikin jirgi fiye da abin da littafi ya nuna.

Ga sabon matuƙi akwai wani bambanci da ya fi gajiya muhimmanci. Mai awa 80 a gajeren zango ya yi sawu kusan 50, kuma in ana raba tuƙi tsakaninsa da kyaftin, ya sauke jirgi da hannunsa sau ashirin da wani abu, cikin ƙura, cikin guguwar damina, a filayen da na'urorinsu ba su cika ba. Takwaransa na dogon zango yana iya ƙare wata da sauka ɗaya ko biyu. Doka na son tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, har akan kai wasunsu na'urar kwaikwayon tuƙi don su cike gurbin. Hannu a gajeren zango yake nuna. Ban da haka ma, manyan kamfanonin Larabawa galibi ba sa duban takardar baƙon da bai tara awa 1,500 zuwa 2,000 ba, sai in su suka horar da shi tun farko. Yaron da ya fito makaranta da awa 200 yana buƙatar ƙarin 1,300 kafin ya isa babban lasisin da ake zama kyaftin da shi. A kamfanin da ke ba shi awa 75 a wata, shekara ɗaya da rabi ke nan. A wanda jiragensa biyu ne, ɗaya kullum yana gareji, yana samun awa 40, sai ya kusa shekara uku. A ganina, ga mai farawa, yawan jiragen da ke tashi da gaske ya fi adadin albashi nauyi a ma'auni.

Yanzu kuɗin. Yawanci kashi uku ne: albashin tushe, kuɗin awa, da kuɗin kwana a waje. Abin dubawa na farko shi ne ko akwai awoyin da aka lamunce maka ko ka tashi ko ba ka tashi ba. A Amurka wannan lamuni yakan kama awa 70 zuwa 75 a wata, kuma ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ƙwato shi. A wajenmu kowane kamfani da tsarinsa.

Ga misali na lissafi kawai, ba albashin wani kamfani ba ne. Takarda ta farko ta ce sefa miliyan 1.5 a wata, da jika 10 a kan kowace awa da ta haura 60. Ta biyu ta ce babu tushe, jika 25 kowace awa. A watan da aka yi awa 80, ta farko ta ba ka miliyan 1.7, ta biyu miliyan 2. Duk saurayi ta biyun zai ɗauka. To bari a yi watanni uku na hazo da gyaran jirgi, awa 40 kacal: ta farko miliyan 1.5, ta biyu miliyan 1. Watan hutun shekara: ta farko miliyan 1.5, ta biyu ko sisi. Tara shekarar, wata 8 masu kyau, 3 marasa kyau, 1 na hutu: ta farko miliyan 19.6, ta biyu miliyan 19. Ba mu ma sa makon da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai ba, wanda a takarda ta biyu asararka ce kai kaɗai. Akwai kuma illar da ba ta fito a lissafi ba: mutumin da abincin gidansa ya rataya a kan awa yana jin nauyin cewa "na gaji, ba zan tashi ba", alhali doka ta ba shi wannan dama, ta ma ɗora masa ita.

Sai kuɗin da za a biya ka da shi, wanda ƴan Nijar suka fi kowa sanin zafinsa saboda maƙwabtaka. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957 tun 1999, don haka mai aiki a Lome ko Abidjan abin da aka rubuta masa shi zai iso Tawa. Wanda ya sa hannu a Kano kan albashin Naira a farkon 2023, lokacin da dalar Amurka ke wajen Naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a farkon 2024 ta haura 1,500; aikinsa bai ragu ba, amma abin da yake aikowa gida ya zube. Kuɗin Habasha ma da aka bar wa kasuwa ta yanke farashinsa a watan Yulin 2024 ya faɗi daga wajen 57 zuwa sama da 100 a kan dalar Amurka cikin makonni. Dirhamin Dubai da riyal ɗin Qatar a ɗaure suke da dalar Amurka, babu harajin albashi, kuma manyan kamfanonin can sukan ba da gida ko kuɗinsa, da asibiti, da tallafin makarantar yara. Idan aljihu kaɗai za a duba, babu gardama, can ya fi. Wanda zai je Najeriya ko Habasha a matsayin baƙo ya nemi a rubuta masa wani kaso da dalar Amurka, ya kuma tambayi waɗanda ke ciki ko ana biya a kan lokaci, domin a yankinmu jinkirin albashi ba baƙon abu ba ne.

Wani ramin kuma shi ne horon nau'in jirgi. Lasisin makaranta bai isa ka zauna a Boeing 737 ko Airbus A320 ba, kowane nau'i da nasa horo, wanda kan ci Yuro 20,000 zuwa 30,000, wato sefa miliyan 13 zuwa kusan 20. Ko dai ka biya da kanka, ko kamfani ya biya ya ɗaure ka da takardar cewa za ka yi masa shekaru kaza, in ka tafi ka biya. Takardar ɗauri ba laifi ba ce in bashin yana raguwa wata-wata. Wadda za a guje wa ita ce mai cewa ko saura wata ɗaya ka tafi sai ka biya duka, ko wadda ta yi shiru a kan abin da zai faru in kamfanin ne ya daina biyanka. Mafi muni shi ne tsarin da kai za ka biya kamfani don ya bar ka ka tuƙa fasinjojinsa ka tara awoyi. Gidan da ya riga ya ci bashin makaranta, wadda a Turai takan kai Yuro 100,000, kada ya ƙara wannan a kai.

Zancen gida fa? A nan ne Dubai ke rasa maki. Lome da Abidjan tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu ce daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai. In aka yi rasuwa da safe kana iya riskar zaman makoki kafin a watse. Daga ƙasashen Larabawa galibi sai ka bi ta Addis Ababa ko Istanbul, kuma tikitin rangwame na ma'aikata kujerar da ta rage ake ba shi. Lokacin Salla da Umara, daidai lokacin da kake son zuwa, babu kujerar da ke ragewa. Mutumin Tawa ya ƙara da tafiyar mota ta fiye da kilomita 500 bayan ya sauka. Ranakun hutu kuma bisa daɗewa ake zaɓarsu a kamfanoni da yawa, sabon zuwa shi ke tashi ranar Layya. Daɗewar nan ba ta bin ka in ka sauya kamfani: ka koma ƙasan layi, wani lokaci kyaftin ya koma kujerar dama, ta mataimaki. Shi ya sa tsalle daga kamfani zuwa kamfani saboda ƙarin jika ɗari biyu yakan zama hasara.

Kowanne kuma da irin faɗuwarsa. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanonin Larabawa sun sallami baƙin matuƙa da yawa, kuma da yake izinin zama galibi a rataye yake da aikin, mutum ya rasa albashi da gida da makarantar yara a lokaci guda. A yankinmu kamfanin ne kansa ke mutuwa. Ma'aikatan Nigeria Airways, wadda aka rufe a 2003, sun shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙoƙinsu. Siyasa ma tana rufe hanya dare ɗaya, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar lokacin da Air France ta daina zuwa Yamai.

Kwantiragin Hajji ba zan daɗe a kansa ba, domin ba na mai farawa ba ne. Ana neman wanda ya riga ya mallaki horon babban jirgi da awoyi masu yawa, a biya shi da kyau na wata biyu ko uku, a cika masa awoyi har bakin iyaka, yawanci cikin dare, sannan a yi sallama. Babu fansho, babu daɗewa, kuma gwajin na'urar kwaikwayo da ake yi duk wata shida yana iya komawa aljihunka. Ya dace da kyaftin da ya tara, ya gina gidansa, yana son rabin shekara a gona. Akwai mai zuwa don ladan ɗaukar baƙin Allah, wannan kuma tsakaninsa da Ubangijinsa.

Ni dai in ƙanena ne ya zo da awa 200, kamfanin yanki mai biyan sefa zan nuna masa, mai albashin tushe ko da ya fi ƙanƙanta, mai jiragen da ke tashi kullum, ko da masu farfela ne. Ya yi shekara huɗu ko biyar, ya nemi kujerar hagu, ta kyaftin. In ya kai nan, ƙofar Larabawa a buɗe take, kuma lokacin ne lissafin ke canzawa: mai yara ƙanana da ke son tara jari cikin shekara goma ya tafi, da sharaɗin kada ya yi rayuwar da ta cinye albashin, ya kuma ci gaba da ajiye wani abu a gida tunda ba ya cikin CNSS, asusun fanshon ma'aikata na gida. Mai tsofaffin iyaye da babu wanda zai tsaya a kansu sai shi, Lome ta fi masa ko da rabin kuɗin ne.

Ko wanne ya zaɓa, akwai layi ɗaya da zai nema a takardar kafin ya sa hannu, wato inshorar rasa lasisi. Matuƙi yana zuwa gaban likita kowace shekara, bayan shekara 60 duk wata shida, kuma a 65 dokar ICAO ta sauke shi daga jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa. Hawan jini da ya ƙi jin magani, ciwon suga, ko matsalar zuciya na iya tsayar da shi yana ɗan shekara 40, yara na firamare. Manyan kamfanoni sukan sa wannan inshora a cikin yarjejeniya, ƙanana da yawa ba sa sawa. In babu, ya tambayi nawa za ta ci in ya saya da kansa, ya cire kuɗin daga albashin da aka yi masa tayi, sannan ya kwatanta takardun biyu.